Fulat a Hawa na Bakwai a Abuja: Jari Ne Ko Ado?

Tambaya: "Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, harkar albasa da hatsi nake yi sama da shekara ashirin. Wani dillali ya kawo mini tallan fulat mai ɗaki uku a hawa na bakwai na wani dogon bene da ake ginawa a Guzape, Abuja. Akwai lifta da wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki da masu gadi. Kuɗinsa Naira miliyan 350. Ya ce in an gama zan riƙa karɓar hayar miliyan 25 duk shekara, kuma in na biya rabi yanzu za a yi mini ragi. Ba zama zan yi ciki ba, ajiya nake so in yi wa yara. In saya?"

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara buɗi. Aikina kimanta gidaje da filaye ne, kuma na daɗe ina kai da kawo tsakanin Sakkwato da Abuja a kan irin wannan ciniki, don haka abin da zan gaya wa yayana uwa ɗaya uba ɗaya shi zan gaya maka. A yadda ka kawo maganar, kada ka biya rabin nan yanzu. Fulat abin saye ne, ni kaina na sa mutane sun saya sun ji daɗi, amma wanda ka siffanta da sauransa.

Mu a nan mun taso da cewa ƙasa ba ta ruɓewa. Mutum ya sayi fili a Bado ko Arkilla, ya zagaye shi da bulo, ya manta da shi shekara goma, ya dawo ya tarar ya yi daraja ba tare da ya ci masa ko sisi ba. Da wannan tunanin yawancin 'yan kasuwarmu ke shiga cinikin bene, kuma nan ne ake yin kuskuren farko. Wanda ya sayi hawa na bakwai bai sayi ƙasa ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ta mutum talatin ce ko arba'in, kowa da ɗan guntun rabonsa da ba zai iya nuna iyakarsa da ƙafa ba. Abin da ka saya shi ne ɗakuna a sama, da kaso a cikin wasu injuna: janareto, lifta, famfon tura ruwa, taransifoma, na'urar tace ruwan wanka. Injuna kuwa tsufa suke yi tun daga ranar da aka kunna su. Gidanka na Mabera in wuta ta ɗauke sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Hawa na bakwai in lifta ta tsaya kuma famfo bai tura ruwa ba, ba ya zaunuwa ko kwana uku.

To wa ke kula da injunan nan? Wani kamfani ne da masu fulat ke biya duk shekara, kuɗin da ake kira sabis caj. Shi ne ke sayen man gas, ya biya masu gadi da masu shara, ya gyara lifta. A al'ada ɗan haya ke biya, amma duk watan da gidan ya zauna babu kowa, a wuyan mai gida yake. Ko da akwai ɗan haya, shi jimilla yake lissafawa: in kuɗin hidimar ya hau, dole kai ka sauko da haya ko ya kwashe kayansa. Ya kuwa hau ƙwarai a 'yan shekarun nan. Litar man gas ta haura Naira 1,000, sannan a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa Naira 225 kowace yunit daga ƙasa da Naira 70, kuma manyan unguwannin Abuja da yawa a wannan rukunin suke.

Na taɓa zuwa kimanta wani fulat a wani bene mai kyau, wanda a lokacin da aka buɗe shi mutane ke tsayawa ɗaukar hoto a ƙofarsa. Na tarar lifta ɗaya ta mutu wata takwas, ɗayar tana aiki sai ta ga dama. Dalili kuwa, kusan rabin masu gidajen ba sa biyan kuɗin hidima. Yawancinsu irinka ne, Alhaji, ba zaune suke a garin ba, sun saya sun kulle, wasiƙa ba ta iske su, waya ba sa ɗauka. Waɗanda ke biya suka ce ba za su ɗauki nauyin wasu ba, su ma suka daina. Wurin ninkayar ya koma kore shar, har da kwaɗi. Mutumin da ya aike ni bai taɓa fashin biya ba ko sau ɗaya, amma farashin da na rubuta masa sai da ya yi kwana biyu bai kira ni ba. A irin wannan kadara darajar naka tana hannun maƙwabtan da ba kai ka zaɓe su ba. Tarayya ce, ko da takarda ta ce naka ne kai kaɗai.

Yanzu mu ɗauki alƙalami, mu yi aiki da lissafin dillalin naka yadda ya kawo shi, ba tare da mun ƙaryata shi ba. Miliyan 25 a kan miliyan 350 kashi 7 ne cikin ɗari da ɗan ɗoriya. Sai dai ba miliyan 350 za ka kashe ba. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin hatimi da rajista da neman amincewar hukuma. Mu ƙaddara duka sun ci miliyan 35, jari ya zama 385. Mu ƙaddara kuma a kowace shekara gidan na yin wata biyu babu kowa tsakanin fitar wani da shigar wani, hayar ta koma kusan miliyan 21. Wanda zai kula maka da gidan, tunda kana Sakkwato, zai ɗauki kashi 10, wato miliyan biyu. In kamfani ne ya kama hayar, zai cire harajin kashi 10 tun kafin kuɗin ya iso hannunka, wani miliyan biyun ke nan. Fenti da gyaran na'urar sanyaya ɗaki da famfo, a ce miliyan ɗaya da rabi. Kuɗin hidima na watannin da ba kowa, miliyan ɗaya. Inshora da rabonka na harajin fili, wani miliyan ɗayan. Abin da zai rage bai wuce miliyan 13 da 'yan kai ba. A kan jarin 385, kashi uku da rabi ke nan cikin ɗari, kuma sai an yi kusan shekara talatin kafin haya ta mayar maka da uwar kuɗinka. Waɗannan alƙaluman misali ne na kawo, ka sauya su yadda ka ga dama, amma ba na jin za ka fitar da abin da ya kai rabin abin da kake samu in ka sayi albasa a Gada ko Goronyo lokacin kaka ka ajiye zuwa bazara, duk da ruɓa da ƙanƙancewa.

Ka auna shi da abin da ba ya buƙatar janareto. Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na Gwamnatin Tarayya na farko, wanda aka fitar a 2017 na Naira biliyan 100 don aikin hanyoyi, ya riƙa biyan kashi 16.47 a shekara har tsawon shekara bakwai, ba ruwa a ciki, ba ɗan haya, ba lifta. Ba cewa nake ka kwashe dukiyarka ka kai can ba. Ina so dai ka ga cewa ta fuskar kuɗin shiga, fulat na alfarma na daga cikin mafi rowa a kadarori. Gwargwadon tsadar gida, gwargwadon ƙanƙantar hayarsa in an auna da kuɗinsa, domin masu iya biyan miliyan 25 a shekara 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu suna da nasu.

Dillali zai ce maka ai ba haya ake dubawa ba, tashin farashi ake dubawa. Yana da gaskiya rabi. Gidaje a Maitama da Asokoro da Guzape da Katampe sun tashi sosai in da Naira ake ƙirga. Amma kai da ke hulɗa da mutanen Illela da Ƙonni ka fi ni sanin abin da ya sami Naira. A farkon 2023 Dala tana wajen Naira 750 a kasuwar bayan fage. Bayan Babban Banki ya saki farashin a watan Yunin shekarar, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500. Wanda ya sayi fulat miliyan 150 a farkon 2023, Dala dubu 200 ya zuba. In ya sayar miliyan 280 bayan haka, zai shigo gari ana yi masa barka ya kusa ninka kuɗinsa, alhali abin da ke hannunsa bai kai Dala dubu 190 ba. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Saboda haka in gida ya tashi da kashi 20 a irin wannan shekara, baya ya ci. Abin da zan yarda da shi shi ne gida mai kyau a unguwa mai kyau ya fi barin kuɗi kwance a banki nesa ba kusa ba. Rumbu ne, yana rage ɓarna. Amma rumbu ba gona ba ne.

Sai maganar biyan rabi tun ana gini, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wannan shi ne cinikin biri a sama. A shari'a malamai sun halatta a yi kwangilar ƙera abu ko gina shi in an fayyace siffarsa da lokacinsa da kuɗinsa, don haka ba haramci nake magana ba, hatsari nake nufi. Ragin da ake yi maka ba kyauta ba ne. Mai ginin yana gudun bashin banki ne, wanda ruwansa ya yi tsada ƙwarai tun da Babban Banki ya kai ma'auninsa na kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, sai ya karɓi kuɗinka ba ruwa ba jingina. Kai ne bankinsa, kuma bankin da bai riƙe komai ba. In siminti da rodi suka tashi a tsakiyar aiki, ɗaya daga cikin uku za ta faru: ya dawo ya ce a ƙara kuɗi, ko aikin ya tsaya a hawa na huɗu shekara da shekaru, ko ya rage ingancin abin da ido ba ya gani. Ta ukun ita ce mafi muni. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu, kuma gini ne na alfarma da ake tallan fulat-fulat ɗinsa tun ba a gama ba. Unguwar masu kuɗi ba ta hana gini faɗuwa.

In har zuciyarka ta kwanta da wannan kamfanin, to a rubuta biya kashi-kashi, kowane kashi sai injiniyanka, ba nasu ba, ya je ya ga an kai matakin da aka ce. A rubuta ranar miƙa makulli, da abin da za su biya ka duk watan da suka makara, da yadda za a mayar maka da kuɗinka in aikin ya mutu. Ka je ka ga gine-ginen da suka gama shekara biyar da suka wuce, ba hoton kwamfuta na wanda za su yi ba. Kamfanin da bai taɓa gama ko ɗaya ba, kada ya koyi aski a kanka.

Takarda kuwa, a nan ne nake roƙonka ka yi haƙuri ka kashe kuɗin lauya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a Abuja kuma Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke sa hannu. Takardar mallaka ta C of O izinin zama ne na shekara 99, kuma sayar da kadara ba ya kammala a idon doka sai da amincewar hukuma. A dogon bene, yawanci takarda ɗaya ce babba ta filin gaba ɗaya da sunan kamfanin da ya gina. Abin da ake miƙa wa mai saye sau da yawa wasiƙar kamfani ce mai cewa an ba ka fulat lamba kaza, da rasit. Wannan wasiƙar ba mallaka ba ce. In kamfanin ya kai babbar takardar banki ya jinginar, ya kasa biya, bankin bai san da zamanka ba. Don haka lauyanka, wanda kai ka ɗauko kake biya, ba wanda dillali ya nuna maka ba, ya je ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, ya binciki fayil ɗin filin: sunan wa ke kai, an jinginar ko ba a jinginar ba, an ware filin don gidajen zama ne ko don wani abu dabam, kuma akwai bashin harajin fili ko babu. Kada ka raina wannan na ƙarshen. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye sama da 4,000 saboda rashin biyan harajin fili na shekaru, har da na manyan unguwanni. Ya kuma duba a sashen kula da tsarin gine-gine ko hawa nawa aka amince a yi. In izinin hawa biyar ne aka yi takwas, to naka na bakwai a iska yake. Ya bincika rajistar kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Daga nan a rubuta yarjejeniyar mallaka da sunanka, a buga hatimi, a yi mata rajista, kuma ta faɗi ƙarara rabonka a fili da matakala da wurin ajiye mota, da yadda masu gidaje za su iya korar kamfanin kula da bene in ya gaza. Wannan sharaɗin na ƙarshe mutane ba sa tambayarsa, alhali shi ne ke raba benen da ke rayuwa da wanda ke mutuwa.

Wani ɗan tuni, tunda na san halin kasuwarmu: kada ka biya da tsabar kuɗi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan abin da ya wuce Naira miliyan biyar a hannu ba ta banki ba. Ka tura daga asusunka zuwa asusun kamfanin da sunansa ke kan takarda, ba na dillali ba, ba na "yaron oga" ba. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 kuma ta taɓa yadda ake lissafin harajin ribar sayar da kadara, sai lauyan ya haɗa maka da wannan a lissafi.

Za a kuma kwaɗaita maka hayar kwana-kwana, a ce ka zuba kujeru da gadaje ana kama gidan kamar otal, kuɗin ya fi. Wani lokaci ya fi ɗin. Amma wannan sana'a ce ta kullum, ba ajiya ba, kuma daga Sakkwato ba za ka san ko kwana nawa aka kama ba sai abin da yaro ya gaya maka. Sannan ba ka da iko da wanda zai kwana ciki da abin da zai yi. Mutum irinka da ke son ya bar wa 'ya'yansa abu mai tsarki, ya dace ya yi wannan tunanin tun kafin ya ji a bakin mutane.

Tunda ka ambaci yara, bari in taɓo abin da dillali ba zai taɓa ba. Allah ya ba ka tsawon rai, amma ranar rabon gado fulat ba ya yankuwa. Fili a Gwiwa ana iya ja masa igiya kowa ya ɗauki nasa. Shaguna shida ana iya cewa wane biyu, wance ɗaya. Fulat ɗaya tsakanin magada goma sha biyar sai dai a sayar, kuma duk mai saye da ya ji gidan gado ne ya san ana gaggawa, sai ya taya yadda ya so. Ko ba gado ba, irin wannan kadara ba ta sayuwa da wuri. Buhun gero in ka fitar da safe kafin azahar ka riƙe kuɗinka. Gidan miliyan 350 yana iya shekara a kasuwa. In kakar albasa ta zo kana neman jari, ba zai cece ka ba. Ta fuskar zakka, abin da muka koya wurin malamanmu na Malikiyya shi ne gidan da aka saya don haya ba a fitar wa ginin kansa zakka, sai kuɗin hayar in ya kai nisabi ya shekara. Wanda kuma aka saya ana jiran ya yi tsada a sayar, ana fitar masa zakkar shekara ɗaya ranar da aka sayar. Ka daidaita niyyarka tun yanzu, ka kuma zauna da malaminka a kai.

Wataƙila za ka ce me ya sa ba za a yi irin wannan a gida ba? A Sakkwato dogon bene na alfarma ba shi da kasuwa tukuna. Mai kuɗinmu gida yake so mai katanga da tsakar gida da sashen iyali da wurin baƙi, ba ya son haɗa matakala da wani, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 hawa na sama azaba ne in babu wuta. Abin da ake nema a nan ƙananan gidaje ne masu ɗaki biyu ga likitoci da ma'aikatan asibitin koyarwa, da malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da ma'aikatan kamfanin siminti na Kalambaina da na bankuna, sai ɗakunan ɗalibai, sai shaguna da sito. Hayarsu ba ta da ƙyalli, wani lokaci sai ka bi ɗan haya da lallashi, kuma in ka tashi sayarwa ba za su tashi kamar na Abuja ba. Amma ƙasar taka ce kai kaɗai, kana wucewa ka gan su bayan la'asar, kuma suna rabuwa.

In da ni ne ke riƙe da miliyan 350 ɗin nan kuma su ne kusan duk rarar da nake da ita, ba zan sa su a ƙofa ɗaya ba. In kuwa kashi ɗaya ne cikin huɗu ko biyar na dukiyarka, kuma ka tabbata ba za ka neme su ba nan da shekara bakwai zuwa goma, to mallakar wani abu a Abuja ba laifi ba ne, musamman in yaran za su yi karatu ko aiki a can wata rana. Sai dai in nemi wanda aka riga aka gama, mutane na ciki shekara biyu ko uku, a bene maras tsawo sosai, hawa na ɗaya ko na biyu inda ƙafa za ta iya in lifta ta ƙi. Mai ɗaki biyu ya fi saurin samun ɗan haya da mai saye a kan mai ɗaki uku ko huɗu. Wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki kuwa, a wurin mai zuba jari baki ne da ke ci kullum.

Kafin ka sake zama da dillalin, ka ce ya kawo abu uku: kwafin babbar takardar filin, kwafin izinin gini mai nuna yawan hawa, da sunan wani bene da kamfanin ya gama tun da daɗewa. In ya kawo, ka hau jirgi ko mota ka je wancan tsohon benen da kanka, ba tare da shi ba, da daddare bayan isha'i. Ka ƙirga tagogi nawa ke da haske. Ka hau lifta har sama ka sauko ta matakala kana duban bango ko akwai tsaga da alamar yoyo. Ka zauna da maigadi ka tambaye shi yaushe aka biya shi albashi na ƙarshe, da awa nawa janareto ke yi a rana. In ya fara kame-kame a kan takardun, ko ya ce ragin zai ƙare ranar Juma'a, ka bar Juma'ar ta wuce. In kuwa ya kawo su, ka turo mini in duba tare da lauyanka, mu sake lissafin da alƙaluman gaskiya.